Yankan Kofur Ila

Tun saura wata huɗu Babbar Sallah Kofur Ila ya sayo ragonsa. Har Rigachikun ya je, wurin wani manomi, ya zaɓo ɗan matashin rago fari mai baƙin baki, ya rungumo shi a bayan a-kori-kura zuwa Unguwar Dosa. Mutanen layinsu suka bi shi da kallo, wasu suka yi masa barka, wasu suka dubi juna. Ila ya ga kallon sarai. Abu ɗaya ya ƙudurta a ransa: bana da hannunsa zai yanka layyarsa, kuma sai mutanen unguwar nan sun ci naman.

Kada wani ya ce wannan ƙaramin buri ne. Ga wanda ya san Ila, ba ƙarami ba ne. Ɗan mahauta ne gaba da baya, haifaffen Malumfashi, tun bai kai tsawon teburin ubansa ba yake riƙe ƙafar akuya ana fiɗa. Da ya shiga soja ma wuƙar ba ta rabu da shi ba. Bindiga dai an ba shi, ya kuma iya ta daidai gwargwado, amma duk bataliyar da aka kai shi, kafin wata ya zagayo an gano shi an tura shi kicin. Sojoji Musulmi ba sa sa hannu a nama sai sun tambaya, “Wa ya yanka?” In aka ce Kofur Ila ne, shi ke nan, kowa ya miƙo kwanonsa. Shekara goma sha tara yana jin wannan tambaya da wannan amsa, kuma wallahi ya fi jin daɗinsu a kan igiya biyun da ke hannun rigarsa.

Da yaƙin Laberiya ya taso aka kwashe su a jirgin ruwa zuwa Monrobiya. A shekarar casa'in da biyu, lokacin da 'yan tawaye suka matso garin, sai da suka yi sati uku ba abin da suke ci sai kifin gwangwani. Rannan aka samo musu saniya guda. Bayan wani sito kusa da tashar jiragen ruwa suka kayar da ita. Audi ne ya riƙe igiyar ƙafa, wani ɗan Zamfara mai yawan dariya, wanda suke kwana tanti ɗaya da Ila, suke ci kwano ɗaya. Ila ya yanka, ya miƙe, ya yi taku goma zuwa durom ɗin ruwa don ya wanke wuƙa. Bai ji tahowar rokar da 'yan tawayen suka harbo ba. Ya dai tsinci kansa kwance cikin taɓo, kunnuwansa na ƙara. Da ya tashi ya waiwaya, ba saniya, ba Audi, sai nama ko'ina har jikin bangon siton.

Kowa ya tsaya ya rasa abin yi. Dole a yi wa Audi sutura, amma wa zai ce wannan nasa ne, wancan na saniya? Sai kyaftin ɗinsu ya dubi Ila. Ai kuwa Ila ya naɗe hannun riga, ya shimfiɗa bargo biyu, ya durƙusa. Tun hantsi har la'asar yana tsinta yana dubawa yana ajiyewa, na Audi dama, na saniya hagu, hannunsa ko rawa bai yi ba. Aka sallaci abin da ke bargon dama aka binne. Ila ya ci abincinsa a ranar, ya yi barcinsa. Sai a kwana na uku, yana riƙe da kofin shayi, hannun ya soma kaɗawa, shayin ya zube masa a cinya, shi kuwa yana kallo kamar hannun wani ne.

Daga nan abin ya yi ta gaba. Murfin tukunya in ya faɗi, sai a same shi ƙarƙashin tebur. Wani lokaci yana cikin magana sai ya ɗauke, idanu a buɗe, a yi ta kiransa ba ya nan, can ya dawo yana tambayar ƙarfe nawa. Aka maido shi gida, ya yi wata bakwai a asibitin sojoji. Ƙarshe likitoci uku suka zauna a kan maganarsa. Babbansu, wani Kanar mai furfura, ya yi masa bayani da Hausa.

“Kofur, ba hauka ba ne. Firgicin yaƙi ne, kuma jarumai ma yana kama su. Amma ba za mu iya sake ba ka bindiga ba.”

Ila ya ƙame ya ce, “Ranka ya daɗe, to a bar ni da wuƙa. Ni ɗan kicin ne.”

Kanar ya sunkuyar da kai ya sa hannu a takarda. Aka karɓi kakinsa, aka ba shi wata guda ya tashi daga bariki.

Haka ya zo Unguwar Dosa ya kama hayar ɗakin waje a gidan Malam Abdurrahim, wani ma'aikacin gwamnati. Ɗaki ɗaya ne da 'yar farfajiya da aka kewaye da langa-langa, bayanta kuwa katangar cikin gida. Da matarsa Ladidi suka zo, da 'yarsu ta goye. Ladidi ta yi haƙuri, Allah ya sani ta yi. Amma wata la'asar da hadari ya haɗo aka yi tsawa, Ila ya tura ta ƙarƙashin gado ita da yarinyar, ya danne su da jikinsa ya ƙi ɗagawa, har yarinyar ta shiɗe don kuka. Bayan sati guda yayyenta suka zo suka tafi da ita Malumfashi, wai har ya samu sauƙi. Ba saki, ba faɗa, ba kuma ranar dawowa. Bai hana su ba, shi ya ɗaukar musu akwatin ma har tashar Kawo.

Da farko unguwa ta karɓe shi hannu biyu. Da aka ji mahauci ne, duk gidan da za a yanka kaza ko zabo sai a aiko masa, in ana suna shi ake kira. Sai wata Juma'a, ana cikin huɗuba, jirgin yaƙi ya taso daga Mando ya ratsa ƙasa-ƙasa ta kan masallaci. Jama'a dai suka ɗaga kai suka sauke. Ila kuwa ya tsallake sahu uku ya faɗa ƙarƙashin wata mota, yana ihu da turancin soja kowa ya kwanta. Da aka jawo shi, wandonsa a jiƙe. Kafin magariba magana ta gama unguwa cewa Kofur ya taɓu. Malam Abdurrahim kuma ya taɓa karanta takardar sallamarsa ranar da ya taya shi cike fom, ya ga sunan sashen da aka kwantar da shi, na masu taɓin hankali. Bai yaɗa ba, amma bai ƙaryata ba.

Ba wanda ya wulaƙanta shi, kuma abin da ya fi ciwo ke nan. Da zagi ne ai da ya rama. Gaisuwa aka riƙa yi masa a hankali, ana ɗaga murya kamar kurma ake wa magana. In ya zauna a majalisar ƙofar masallaci, hirar siyasa ta koma ta zafin rana, can mutum ya tuna ana jiransa a gida. A sahu akan bar ɗan fili tsakanin kafaɗarsa da ta kusa da shi. Kaji kuwa suka ɗauke ɗif. Yana daga ɗaki sai ya ji kukan kaza an wuce ƙofarsa da ita, an nufi gidan Liman. Kai, wannan kukan kazar ba ƙaramin cin ransa yake yi ba! Kaɗaici ya kama shi sosai, har yakan yini bai furta komai ba in ban da karatun salla.

Shi ya sa ragon ya zame masa abokin zama. Da shi yake hira da safe in yana dama masa dusa, shi yake ba labarin bariki, da na Ladidi, da yadda yarinyar take kama masa gemu. Rago ya yi ɓul-ɓul, gashinsa na sheƙi.

Ana jibi Sallah, da la'asar, Ila na zaune bakin ƙofa yana wasa wuƙa a kan dutse, sai ga Malam Abdurrahim ya dawo daga ofis, da tabarau da biro a aljihu. Mutumin kirki ne, ba a raba shi da wannan, sai dai irin mutanen nan ne da ba sa son a ce sun ɓata wa kowa.

“Kofur, sannu da aiki. Kai, rago ya yi kyau, tubarkalla!”

“Barka da dawowa, Malam. Ai dusa ce da harawa, sai kuma hira.”

Malam Abdurrahim ya yi 'yar dariya, idonsa na kan wuƙar. “Dama cewa na yi, jibi in an sauko idi Liman zai biyo ya yanka mini nawa. Me zai hana a shigo da naka ciki a haɗa? Kai ma ka huta.”

“Hutu kuma, Malam? Ai ni hutun ne ya ishe ni. Na fi shekara ban yanka ko kaza ba.”

“Haka ne, haka ne. Na ga dai jikin naka…”

Ila ya ajiye wuƙar. “Malam, faɗa mini kai tsaye. Ba a cin yankana ne?”

“Subhanallahi! Wa ya ce haka? Ni fa shawara kawai na kawo.” Ya dubi agogonsa, ya ce bari ya shiga ya yi alwala.

Washegari da hantsi Ila ya je zauren Liman, Malam Muhammadu, wani dattijo mai sanyin murya. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya gaida shi.

“Allah gafarta Malam, tambaya na zo da ita, kuma amsar da ke cikin littafi nake so, ba ta lallashi ba. Yankana halal ne ko mushe?”

Liman ya dube shi ya ce, “Littafi cewa ya yi ba a cin yankan wanda ba ya cikin hankalinsa, don ba shi da niyya. Amma wanda abin yakan zo masa ya tafi, in ya yanka a lokacin da yake garau, ya yi niyya, ya ambaci sunan Allah, ya yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu bai ɗaga hannu ba, to yankansa halal ne kamar na kowa.”

Wani sanyi ya ratsa Ila har tafin ƙafa. “Alhamdu lillahi! To Malam, don Allah ka zo gobe ka tsaya a kaina. In kai ka gani da idonka ka faɗa, ba mai musu.”

“Kofur, raguna sun fi talatin da ke jirana gobe, kowa kuma so yake a fara da nasa. In Allah ya sa na samu sarari zan biyo.”

Ila ya san ma'anar irin wannan amsa, ba yaro ba ne. Amma ya riƙe ta ya tafi da ita gida.

Ranar Sallah ya sa farar rigarsa ta shadda, ya je idi, ya tsaya a gefen sahun ƙarshe. Bai karya ba, don so yake ya buɗe baki da hantar layyarsa yadda ubansa ya saba. Da ya dawo ya tuɓe rigar, ya haƙa ramin jini a farfajiya, ya jera ruwa da tasa da igiya, ya zauna jiran Liman. Yana ji Liman ya shiga gidan Malam Abdurrahim, yana jin kabbara ta bayan katanga, da shure-shuren rago. Ya miƙe ya buɗe ƙofar langa-langa ya tsaya. Liman ya fito, mutum huɗu na janye da shi, kowa na cewa gidansa ne na gaba. Ya ɗago wa Ila hannu daga nesa alamar yana zuwa, suka sha kwana da shi.

Rana ta take. Unguwa ta cika da ƙaurin babbaka. Ila ya leƙa layi ko zai ga wanda zai riƙe masa ƙafa, duk wanda suka haɗa ido sai ya ce, “Barka da Sallah, Kofur,” ya ƙara sauri. Ya koma ciki ya dubi ragon, ragon ya dube shi yana haki.

“To, ɗan'uwa,” in ji Ila, “mu biyu muka faro, mu biyu za mu ƙarasa.”

Ya ba shi ruwa ya sha. Ya kwantar da shi a hankali ta gefen hagu, ya ɗaure ƙafa uku ya bar ɗaya, ya fuskantar da shi alƙibla. Ya sa gwiwa a kafaɗarsa, ya shafa wuyan ya lalubo wurin. Hannunsa tsaye yake cak. Ya yi niyyar layya a zuciyarsa, ya ce, “Bismillahi, Allahu Akbar,” ya ja wuƙar ja ɗaya, bai ɗaga ba sai da ta gama aikinta. Yanka ya yi kyau, irin wanda ubansa zai gani ya gyaɗa kai. Jini ya tsarto cikin rami, ya haɗu da ƙasa mai zafi, ƙarnin ya taso ya bugi hancinsa.

Abin da ya sani bayan wannan shi ne yana zaune ya jingina da katanga. Inuwar langa-langa ta matsa da kusan taku guda. Ƙudaje sun rufe ramin, jinin ya yi baƙi, wuƙar na hannunsa, maƙoshinsa ya bushe kamar wanda ya daɗe yana magana. Ya gane abin ne ya zo ya tafi. Ya duba hagu da dama bai ga kowa ba, ya ce Allah na gode maka da ka rufa mini asiri, ya tashi ya kama fiɗa.

Nan fa hannu ya tuna gida. Ya zare fatar ba huda ko ɗaya, ya rataye ragon a ƙusar da ya kafa jikin katanga, ya farka cikin ya sauke kayan a tasa. Ya wanke tumbi da hanji tas. Hanta ya yanka ta dogo-dogo kamar yatsa, irin yankan gidansu, ƙoda ya tsaga biyu, zuciya huɗu. Sai ga Ila yana 'yar waƙar fareti a ƙasan maƙoshi! Rabonsa da farin ciki irin wannan tun kafin a sa su a jirgin ruwa.

Ba shi da mace a ɗaki, kuma ɗan rishonsa ba zai yi suyar Sallah ba. Ya rufe tasar da faranti, ya je ya yi sallama a ƙofar Malam Abdurrahim. Malam ya fito da hannu duk maiƙo.

“Malam, ga kayan cikin. A ba uwargida Hansai ta taimaka ta soya. Ku ɗebi rabi, naku ne. Sauran a kawo waje mu ci tare, ni da kai.”

Malam Abdurrahim ya karɓa da hannu biyu, bai dubi fuskarsa ba. “Madalla, Kofur. Allah ya karɓi ibada.”

Ila ya koma ya share farfajiya, ya binne ramin, ya yi wanka ya mai da farar rigarsa. Ya je shago ya sayo lemo kwalba biyu ya sa a bokitin ruwa. Ya shimfiɗa tabarma, ya zauna a gefe ɗaya ya bar ɗaya gefen. Yunwa na cinsa, amma ko a jikinsa. Yana ta lissafa gidajen da zai kai wa nama gobe in an sassara ragon: cinya ta Liman ce, kafaɗa ta Malam, har mai shago ya sa a ciki. Da ƙafarsa zai kai, tunda ba shi da wanda zai aika.

Sai bayan la'asar Malam Abdurrahim ya yi sallama, ɗauke da babban kwanon samira. Ya ajiye a bakin tabarma bai tuɓe takalmi ba.

“Ga shi, Kofur. Ka yi haƙuri, baƙi ne suka cika mini gida, ba zan samu zama ba.”

Ya juya zai fita, Ila ya ɗaga murfin. Suya ta yi kyau, ta sha yaji da albasa, kwano cike har baki, ya fi abin da ya bayar yawa. Kallo ɗaya Ila ya yi mata. Ƙoda ce guda ba a tsaga ba, ƙatuwa, ta tsohon rago. Kitsen rawaya ne, na ragonsa kuwa fari ne. Hantar an daddatsa ta gutsi-gutsi, yankan wanda bai san hanta ba. Ya sa yatsa ya tona har ƙasan kwanon, ko tsoka ɗaya tasa babu.

“Malam.”

Malam Abdurrahim ya tsaya a bakin ƙofa.

“Wannan ba ragona ba ne.”

“Haba Kofur, nama ai nama ne, a kasko ɗaya aka…”

“Malam, mahauci kake wa magana. Ina kayan cikin da na ba ka?”

Malam Abdurrahim ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Da ya ga ba hanya, ya dawo ya tsuguna a gefen tabarma, ya rage murya.

“An haƙa rami a bayan gida an sa. Tsaya ka ji ni, don girman Allah. Ɗazu Hansai ta taka turmi za ta shanya fata a kan katanga, sai ta hango ka. Ta kira ni, na zo na gani da idona. Kana zaune da wuƙa a hannu, kana kiran wani wai Audi, kana cewa a kawo bargo. Na kira sunanka sau uku ba ka ji ba. Ka fi rabin awa a haka.”

Kunya ta rufe Ila har ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya daure ya ce, “Amma yankan fa? Kun ga yankan?”

“Ba mu gani ba. Abin da ya sa ke nan.”

“To ni na gani! Na yi niyya, na yi bisimilla, hankalina garau. Sai da jini ya zuba abin ya zo. Je ka duba wuyan, ga shi can a rataye. Liman da bakinsa ya ce halal ne!”

“Liman cewa ya yi in kana garau.” Malam Abdurrahim ya dube shi, kuma wallahi tausayi ne a idonsa, ba komai ba. “Kofur, tsakaninka da Allah, ka san daidai inda abin ya fara? Kana iya rantsewa bayan wuƙa ne, ba kafinta ba?”

Ila ya waiwaya ya dubi ragon da ke rataye.

“Ba ƙinka muke yi ba,” in ji Malam Abdurrahim. “Kai amana ne a wurinmu. Yadda ba za mu ci abin da ke da shakka ba, haka ba za mu so kai ma ka ci ba. Gobe kada ka wahalar da kanka da rabo, mutane za su karɓa ne don kunya, ka san sauran. Zan aiko maka da cinya guda daga nawa. Ci abincinka tun da zafi.”

Ya miƙe ya fita, ya jawo masa ƙofar a hankali.

 Can zuciya ta ɗebi Ila, ya tashi ya ture kwanon gefe da ƙafa. Kada Allah ya sa su ci! Shi zai ci abinsa, ya cinye ragon nan shi kaɗai ko zai kai wata yana ci. Ya zuba gawayi a kasko ya hura wuta, ya je ya yanko tsoka mai kyau daga cinya, ya barbaɗa gishiri ya ɗora. Maiƙo ya soma ɗiga, ƙamshi ya tashi, cikinsa ya yi ƙugi.

Yana juya naman yana bin abin daki-daki, don ya tabbatar wa kansa. Ya tuna ya ba ragon ruwa. Ya tuna igiya, ƙafa uku. Ya tuna gwiwarsa a kan kafaɗa, da ɗumin wuyan a tafin hannunsa. Ya tuna jini a rami. Tsakanin wuyan da jinin fa? Ya san ya yi bisimilla, ai dole ya yi, bai taɓa yanka bai yi ba. To amma ta yau yake tunawa, ko ta sauran dubban da ya yi a baya? Ya sake komawa farko, ruwa, igiya, gwiwa. Duk sanda ya iso wurin sai ya ga ba komai. Ya tashi ya je ya ɗaga kan ragon ya duba yankan, ja ɗaya ne, sumul, ba gyara. Sai dai ya san hannunsa. Hannun nan zai yi yanka irin wannan ko mai shi yana nan ko ba ya nan.

Da mutum ɗaya ya tsaya a kansa, mutum ɗaya tak, da yanzu sai ya tambaye shi.

Naman ya gasu. Ya cire shi daga wuta, ya hura, ya kai bakinsa. Yana jin zafinsa a leɓe, yawunsa ya tsinke. Ɗan mahauta ne, tun yana ƙarami aka koya masa ba a sa abin shakka a ciki, ba a kuma ba wani. Ya riƙe tsokar a nan har ta huce. Daga masallaci aka kira magariba, layi ya cika da takun mutane da dariyarsu, kowa ya ƙoshi.

Ya ajiye tsokar a gefen kaskon. Ya juya wa ragonsa baya, ya jawo kwanon Hansai gabansa. Ya yi bisimilla da ƙarfi, yadda zai ji da kunnensa, ya soma ci yana kuka.